Silimar da Aka Saya Fam Ɗaya

Tsakanin shekarar 1929 da ta 1930 wani ɗan kasuwa mai suna Arthur Segal ya gina manyan gidajen silima guda huɗu a unguwannin birnin Landan, ya raɗa musu suna ɗaya, watau Astoria. Ɗaya yana Brixton, ɗaya a Old Kent Road, ɗaya a Streatham, na huɗun kuwa a Finsbury Park. Mai zanen gine-gine ɗaya ne, Edward Stone, ya fitar da fasalinsu duka, saboda haka ana iya cewa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Amma da yake zama ciki ɗaya ba ya sa rabo ya zama ɗaya, kowannensu da inda kwana ya kai shi. Na Old Kent Road an rushe shi a 1984, ko tubalinsa babu. Na Streatham ya ci gaba da nuna fim, amma sai da aka yanyanka babban zaurensa aka mai da shi ƙananan ɗakuna. Na Finsbury Park ya koma gidan kiɗa a 1971 da sunan Rainbow, har Bob Marley ya yi wasa cikinsa a 1977, sa'an nan aka rufe shi a farkon shekarun 1980, ya yi shekara goma sha wani abu a kulle kafin wata coci ta karɓe shi a 1995.

Babban wansu, watau na Brixton, shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shi ne ginin da duniya ta sani da sunan Brixton Academy, ɗaya daga cikin mashahuran gidajen kiɗa na ƙasar Ingila. Tarihinsa yana ɗauke da darasi mai fuska biyu, kuma ra'ayina shi ne duk wanda ya riƙe fuska ɗaya ya saki ɗaya bai fahimci labarin ba. Fuska ta farko ita ce, tsohon ginin taruwar jama'a ba ya tsira sai an sama masa wani sabon dalilin da zai sa jama'a su ci gaba da taruwa cikinsa. Ta biyu kuwa ita ce, duk wanda ya tara jama'a wuri ɗaya ya karɓi kuɗinsu, to, ya ɗauki amanar rayukansu tun daga bakin titi har su koma gida. Ginin Brixton ya ci jarrabawar farko da kyar a 1983, ya faɗi ta biyu a 2022, kuma faɗuwar ta ci rai biyu.

Bari mu faro daga tushe. An buɗe silimar Astoria ta Brixton ran 19 ga Agusta, 1929, a kan titin Stockwell, bayan an kashe mata fam 250,000, wanda a kuɗin wancan zamani dukiya ce mai yawan gaske. Lokacin fim mai magana yana jariri, domin a 1927 ne aka fara jin muryar ɗan wasa tana fitowa daga majigi. Fim ɗin da aka buɗe gidan da shi shi ne The Singing Fool na Al Jolson, aka biyo bayansa da wasanni a kan dandamali, waɗanda gidan rediyon BBC ya watsa. Zauren yana da kujeru kusan 3,000. An ƙawata cikinsa ya yi kama da lambun wani basarake a ƙasar Italiya, da ginshiƙai da gumaka da 'yan benaye a jikin bango, aka yi wa rufin fenti ya zama kamar sararin sama da dare, bakin dandamalin kuma aka ɗora masa wani babban baka wanda aka kwaikwayo daga gadar Rialto ta birnin Benis. A waje, bisa ƙofar shiga, ga rabin ƙubba da ake hangowa tun daga nesa.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin wannan ado duka a unguwar leburori da masu ƙaramin ƙarfi? Amsar ita ce, adon yana cikin abin da ake sayarwa. Mutumin da ya wuni a masana'anta, ya koma ɗaki mai sanyi da duhu, in ya biya 'yan sulallansa sai ya sami sa'a uku yana zaune cikin fada, ga ɗumi, ga kujera mai taushi, ga ma'aikata cikin kayan sarki suna nuna masa wurin zama. Wata biyu bayan buɗe gidan kasuwar hannun jari ta Amurka ta karye, duniya ta shiga talauci, amma mutane ba su bar zuwa silima ba. Ko Yaƙin Duniya na Biyu bai hana su ba. A 1946 an sayar da tikitin silima fiye da miliyan 1,600 a ƙasar Birtaniya, kuma har yau ba a sake kaiwa wannan adadi ba.

Daga nan sai akwatin talabijin ya shiga gidaje. A 1955 aka buɗe tashar 'yan kasuwa ta ITV ta zo ta yi gogayya da BBC, mutane suka ga abin da suke fita nema ya iske su a ɗaki. Kafin 1972 tikitin da ake sayarwa a shekara bai kai miliyan 200 ba, ya yi ta zubewa har ya tsaya a miliyan 54 a 1984. Zauren da aka gina domin mutum 3,000 ya koma ana ƙirga 'yan kallo da yatsu, alhali kuwa kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki da albashin ma'aikata ba su ragu ba. Ɗaruruwan gidajen silima suka mutu. Wasu aka mai da su gidajen cacar bingo, wasu kantuna, wasu kuma aka kawo katafila. Astoria ta Brixton, wadda tuni ta koma hannun kamfanin Odeon, ta nuna fim ɗinta na ƙarshe a watan Yuli na 1972.

Shekara goma sha ɗaya da suka biyo baya su ne shekarun jinya. A cikin 1972 ɗin aka gwada mai da ginin gidan kiɗa da rawa da sunan Sundown, abin bai wuce wata huɗu ba ya rushe. A 1974 aka nemi izinin rushe shi ɗungum domin a gina shagon sayar da motoci da gidan mai a filin. Allah ya sa wannan shiri bai tabbata ba, sai kamfanin Rank ya mai da zauren sito, yana jibge kayan aiki a ƙarƙashin wancan rufi mai kama da sama. A farkon shekarun 1980 aka sake gwadawa da sunan Fair Deal, ƙungiyar makaɗan UB40 ta buɗe shi, amma bashi ya kulle shi a 1982. Gwaji biyu, faɗuwa biyu. Duk mai lissafi da zai dubi takardun ginin a wancan lokaci zai ce masu neman gidan mai su ne masu hankali.

Ga kuma sunan da unguwar ta yi. Tun 1948, lokacin da jirgin ruwan nan Empire Windrush ya kawo ɗaruruwan mutane daga Jamaika da maƙwabtanta, Brixton ta fara zama matattarar baƙar fata. An sauke wasu daga cikinsu a wani ramin ɓuya na lokacin yaƙi a Clapham, ofishin neman aiki mafi kusa da su kuwa yana Brixton, saboda haka nan suka kama haya, nan suka hayayyafa. 'Ya'yansu suka tashi cikin rashin aiki da tsangwamar 'yan sanda. A watan Afrilu na 1981, bayan 'yan sanda sun tare mutane kusan 1,000 a titi sun caje su cikin 'yan kwanaki kaɗan, unguwar ta yi bore, aka ƙona motoci da gine-gine, aka ji wa mutane da yawa rauni. Gwamnati ta naɗa alƙali Lord Scarman ya bincika, rahotonsa na watan Nuwamba na wannan shekara kuma ya nuna talauci da wariya da salon aikin 'yan sanda suna cikin musabbabin abin. Amma a idon masu kuɗi da masu shirya wasanni, Brixton ta zama wurin da ba a zuwa da dare.

A wannan hali ne, a 1983, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Simon Parkes ya je wurin kamfanin giyar da ke riƙe da hayar ginin ya yi tayin fam ɗaya. Kamfanin ya sallama, bisa sharaɗin cewa abin shansa kaɗai za a riƙa sayarwa a gidan har shekara goma, nauyin gyara kuma ya koma wuyan saurayin. Kada fam ɗayan nan ya ruɗe mu. Abin da ya saya ɗawainiya ce, rufi mai yoyo da zaure mai cin kuɗi a unguwar da kowa ke gudu. Abin da ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi shi ne ya dubi ginin ya ga abin da masu lissafi ba su gani ba, ya kuma dubi unguwar ya ga masu saye a inda wasu suka ga abin tsoro.

Abin da ya gani a ginin shi ne, duk abin da aka yi domin fim yana yi wa kiɗa amfani. An yi daɓen zauren da gangare domin na baya ya ga majigi ta bisa kan na gaba. Da aka cire kujerun ƙasa, wannan gangare ya sa gajere da dogo kowa yana hangen mawaƙi ko da yana tsaye a can ƙurya. An yi dandamalin da faɗi da zurfi domin wasannin da ake yi tsakanin fim da fim, sai ga shi ya isa ɗaukar makaɗa masu yawa da kayansu duka. Cire kujerun kuma ya sa zauren da ke ɗaukar mutum kusan 3,000 ya koma ɗaukar kusan 5,000. A Landan akwai ƙananan kulob masu cin ɗaruruwa, akwai manyan filaye masu cin dubbai goma ko fiye, amma matsakaicin wuri irin wannan, mai girma kuma mai kusanta mawaƙi da jama'arsa, ba shi da yawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya gani a unguwar kuwa shi ne kiɗan rege. Da manyan makaɗan Turawa suka ƙi zuwa, sai ya buɗe ƙofa ga mawaƙan Jamaika da na Afirka, waɗanda jama'arsu ke zaune a bayan katangar gidan. Fela Anikulapo-Kuti ya yi wasa a nan a 1983, shekarar farko ke nan. Da rana kuma ana ba da hayar zauren ga masu gwajin kiɗa da masu ɗaukar hoton waƙa, domin a sami na biyan wuta. Sannu a hankali sauran suka biyo. A watan Disamba na 1984 ƙungiyar The Clash ta yi wasa a nan domin tara wa masu haƙar kwal kuɗi lokacin dogon yajin aikinsu. A watan Disamba na 1986 ƙungiyar The Smiths ta yi wasanta na ƙarshe a duniya a kan wannan dandamali, a wani taron yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. A 1995 Parkes ya sayar da gidan ga wani kamfani. A shekara ta 2000 Madonna ta yi wasan da aka watsa ta intanet, aka ƙiyasta mutum miliyan 9 sun kalla. Daga 2009 aka laƙa wa gidan sunan kamfanin wayar O2. Hukuma kuma ta sa ginin cikin jerin gine-ginen tarihi masu daraja ta musamman, waɗanda doka ta hana a rushe ko a sauya su ba tare da izini ba.

A nan ya kamata mu tsaya mu auna. Da an bi shawarar 1974, da yanzu abin da ke wurin gidan mai ne, ko kuma wani abin da ya gaji gidan man. Da an bi wata shawarar, wadda masu son tarihi kan bayar, watau a kulle ginin a riƙa share shi ana nuna wa baƙi, da kuɗin gyaran rufi kaɗai ya isa ya kashe shi, domin doka tana iya hana rushe gini amma ba ta iya hana ruwan sama shiga. Abin da ya ceci Astoria shi ne an sauya mata sana'a ba a sauya mata manufa ba. An gina ta domin mutanen da ba su san juna ba su taru a ɗaki ɗaya su ji daɗi tare, kuma wannan aikin ta ci gaba da yi. Gidan mai yana ba mutum goma ko ashirin aiki. Zauren da ke jawo mutum dubu biyar a dare yana ciyar da masu abinci da masu tasi da masu kantuna na unguwa guda, ya kuma sa wanda da can yake tsoron Brixton ya tako da ƙafarsa ya gani da idonsa.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu tafa mu tashi. Amma akwai daren Alhamis, 15 ga Disamba, 2022. Kafin wannan lokaci mawaƙan Nijeriya sun mai da Brixton Academy wani matakin da ake hawa a nuna an isa, Davido da Burna Boy duk sun cika shi a 2018. A wannan dare mawaƙin nan na Legas, Asake, yana wasansa na uku a gidan, tikiti ya ƙare tun da wuri. Jama'a masu yawa suka taru a waje, ciki har da waɗanda ba su da tikiti, aka matsa wa ƙofofi har suka buɗe, mutane suka zubo cikin zauren shiga suna faɗawa kan juna. Aka tsai da wasan bayan 'yan mintoci. Cikin kwana huɗu mutum biyu suka rasu a asibiti, ɗaya 'yar kallo, ɗaya kuma daga cikin ma'aikatan tsaron gidan, wata ta uku ta sami mummunan rauni. Ƙaramar hukumar Lambeth ta dakatar da lasin gidan. A watan Janairu na 2023 BBC ta watsa rahoton zargin cewa wasu masu gadi sun saba karɓar kuɗi su shigar da marasa tikiti. Daga baya 'yan sandan Landan suka nemi a soke lasin gaba ɗaya.

Abu mafi sauƙi a irin wannan rana shi ne a ɗora wa taron laifi duka a wanke hannu. Lalle wanda ya zo ba tikiti ya tura ƙofa yana da nasa kason, ba mai wanke shi. Amma ƙasar Ingila da kanta ta san haɗarin tsayawa a nan. A watan Afrilu na 1989, a filin ƙwallon Hillsborough da ke Sheffield, turmutsutsu ya yi sanadin mutuwar mutum 97. Shekara da shekaru ana cewa laifin 'yan kallo ne, sai a 2016 kotun binciken mutuwa ta yanke cewa an kashe su ne ba bisa doka ba, sakamakon kurakuran masu kula da taron, 'yan kallo kuma ba su da laifi. Masana harkar taro sun daɗe suna bayyana cewa idan mutane suka kai shida ko bakwai a kan murabba'in mita ɗaya, ba mai sauran iko da ƙafarsa, taron yakan koma kamar ruwa, na baya bai san abin da ke samun na gaba ba, kuma yawancin masu mutuwa numfashi ne ke gagararsu saboda matsi, wasu ma suna tsaye. Wanda ke tsakiyar irin wannan taro ba ya iya ceton kansa da ladabi ko haƙuri. Ceto yana hannun wanda ya tsara layi da shinge da ƙofa tun kafin mutane su iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne tarihin ginin ya dawo. Ƙofofi da zauren shiga na 1929 an yi su ne domin 'yan kallon silima, masu zuwa kaɗan-kaɗan daga rana zuwa dare, kowa da kujerarsa. Taron kiɗa kuwa kusan mutum 5,000 ne masu isowa cikin sa'a ɗaya ko biyu, da zumuɗi, kowa yana son ya kai gaba. Wanda ya cire kujeru ya ƙara mutum dubu biyu a ciki, tilas ne ya sake tunanin yadda za su shiga da yadda za su fita, ya kuma riƙa sake wannan tunani duk lokacin da irin taron ya sauya. Ba a gadon rufi mai taurari da bakan Rialto a bar ƙofa. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Saboda haka nake ganin hukuncin da ƙaramar hukumar Lambeth ta yanke a watan Satumba na 2023 shi ne daidai. Tana da hanyoyi biyu masu sauƙi a gabanta. Tana iya bin 'yan sanda ta soke lasin, kowa ya ce ta nuna ba sani ba sabo. Tana kuma iya bin mutum fiye da 100,000 da suka sa hannu a takardar roƙon a ceci gidan, ta buɗe shi yadda yake, kowa ya ce ta ji kukan jama'a. Sai ta ɗauki hanya ta uku mai wahala: ta yarda a sake buɗewa, amma bisa sharuɗɗa 77, ciki har da ƙofofi masu ƙarfi, da sabon tsarin layi da na tikiti, da sabon tsarin tsaro da sa ido kan taro. Gidan ya yi wata goma sha shida a kulle, aka sake buɗe shi ran 19 ga Afrilu, 2024. Wanda ya karanta jerin sharuɗɗan zai gane inda bango ya tsage.

Akwai masu cewa rai biyu sun fi kowane gini, saboda haka rufewar har abada ita ce girmama mamatan. Maganar farko gaskiya ce, ba mai jayayya da ita. Amma rufe Brixton ba zai hana matasan Landan son kiɗa ba, sai dai ya kora su zuwa wani wurin, watakila wanda bai kai wannan samun sa ido ba. Akwai kuma masu cewa gidan ya yi shekara kusan arba'in yana aiki, dare ɗaya bai isa ya ɓata masa suna ba. Waɗannan su ne suka fi ba ni tsoro, domin irin wannan tunani ne ke sa a saba da ƙaramar ɓaraka har ta zama babba. Daɗewa ba tare da hatsari ba wani lokaci shaidar kyakkyawan tsari ce, wani lokaci kuwa sa'a ce kawai, kuma ba a gane wacce ce sai an bincika. Abin takaici shi ne sai da aka rasa rayuka kafin a rubuta sharuɗɗan da ake iya rubutawa tun da farko.

To, 'yan'uwana ɗalibai, na san wani zai ce ina ruwanmu da gidan kiɗa a Landan, mu da ke fama da cunkoson ɗakin lacca da ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana? Ruwanmu a nan shi ne, yawancinmu teburin gwamnati muke nufa. Cikinmu akwai waɗanda za su zauna a ofishin tsara birane, akwai na ma'aikatar ayyuka, akwai na hukumar kashe gobara, akwai sakatarorin ƙananan hukumomi. Wasu masu karanta wannan mujalla ma sun riga sun zauna. Takardu iri biyu za su riƙa zuwa gabanmu, takardar neman izinin rushe tsohon gini da takardar neman izinin tara jama'a, kuma tarihin Astoria kaf ɗinsa ya rataya ne a kan waɗannan takardu biyu. Mu kuma ba baƙi ba ne ga abin da ƙofar silima ke iya yi. Ran 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu daga cikin 'yan kallo kimanin 600. Kakanninmu sun ga wannan da idonsu shekara saba'in da ɗaya kafin daren Brixton.

Idan takarda ta farko ta zo, kada mu yi saurin sa hannu don kawai ginin ya bar kawo riba a sana'arsa ta asali. Mu tambaya ko akwai wani aikin taruwar jama'a da zai iya yi, ko zauren taro, ko gidan wasan kwaikwayo, ko ɗakin karatu, ko wurin kiɗa. Fili ana samunsa a bayan gari, amma zaure mai ɗaukar dubbai a tsakiyar birni, in aka rushe shi aka jera shaguna, da wuya a sake ganin irinsa, domin ba ɗan kasuwar da zai sake ba da wannan fili ga abin da ba shago ba. Mu kuma tuna wanda ya ceci Astoria sa'anmu ne, ɗan shekara 23, kuma abin da ya fi manyan kamfanoni da shi shi ne bai raina mutanen unguwar ba.

Idan takarda ta biyu ta zo, kada sunan wuri ko girman mai shi ko shaharar mawaƙi su rufe mana ido. Mu tashi daga kujera mu je mu gani. Ƙofa nawa ce, ina take buɗewa, ciki ko waje, a kulle take ko a buɗe lokacin da mutane ke ciki? Mutum nawa wurin ke ɗauka, tikiti nawa aka buga, wa ke ƙirga masu shiga? In mutum dubu suka zo ba tikiti, ina za a tsai da su, wa ke da ikon cewa a dakata? Waɗannan tambayoyi ba su da daɗin ji, mai yin su kuma ba ya farin jini, za a ce masa mai taurin kai ko mai hana ruwa gudu. Amma su ne aikin da ake biyanmu albashi dominsa. Ƙungiyar ɗalibai ma da ke shirya bukukuwa da tarurruka a zaurukan jami'a ya kamata ta fara yi wa kanta waɗannan tambayoyi tun yanzu, domin hali ba ya jiran takardar kama aiki.

Cikin 'yan'uwan nan huɗu da Segal ya gina, na Brixton ne ya fi kowa suna, shi ne kuma ya fi kowa ɗaukar darasi mai tsada. Ya tsira daga talabijin, ya tsira daga katafila, ya tsira daga bashi, ya tsira daga tsoron da aka yi wa unguwarsa. A 2029 zai cika shekara ɗari. Ko zai kai ɗari biyu, wannan ya dogara ga masu tsaron ƙofarsa da jami'an da ke duba su, watau mutane irinmu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.